RUWA DA ITACE NAUYIN MIJI NE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya kai ɗan kasuwa, ya kai ma'aikaci, kakan fita da sassafe ka bar uwargida da yara. To, ka san abin da shari'a ta aza maka.

Shaihu Halilu ya bayyana cikin Muhtasar cewa aikin cikin gida, kamar kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, yana kan mace idan ba ta cancanci mai hidima ba. Amma ruwa da itace da mai da gishiri suna cikin ciyarwar da ta wajaba a kanka.

Wannan hukunci yana da nauyi a Kuyello da sauran ƙasar Birnin Gwari, inda ɓarayin daji suka yi shekaru suna sace mutane kafin sulhun 2024. Wanda ya tura matarsa ko 'yarsa daji neman itace ya ɗora mata aikinsa, ya kuma jefa ta cikin hatsari. In ba ka iya zuwa, ka saya.

Haka renon yara. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ba uwa shayarwa, ta ɗora wa uba abinci da tufafi. Kuma ya inganta cewa Manzon Allah yakan yi wa iyalinsa hidima, har ya yi salla ɗauke da jikarsa Umamatu. Wane ne ya fi shi daraja?

Allah Ya sa mu dace, amin.