Kafin ka kira mai saran icce

Ƴan uwa, kusan kowane gida a Maraɗi, Damagaram ko Tawa yana da icce a tsakar gida: bedi, wanda wasu ke ce ma dogon yaro, ko mangwaro, ko tsamiya. Ƙarƙashinsa mata ke daka, yara ke wasa, maigida ke shan iska. Tun shekarar 1975 ake shuka itatuwa a ƙasarmu ranar 3 ga watan Agusta. Da yawa daga cikin waɗanda anka shuka sun girma, rassansu sun hau bisa ɗaki da katanga. To, ranar da icce ya fi ƙarfin gida, wa za a kira? Kuma yaya za a yi aikin?

Abin da ya faru a unguwarmu

Wata shekara da bazara, wani maƙwabcina ya ga reshen bedinsa ya rataya bisa katanga. Sai ya tare wani saurayi da ke wucewa da gatari, sunka shirya a kan jika 2. Saurayin ya hau ba igiya. Ya yi ta sara daga sama. Reshen ya tsage, ya ɗaye ɓawon iccen har ƙasa, ya faɗa bisa katangar gidan da ke kusa, ya rushe ta. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin. Saurayin ya sauko ya gudu. Gyaran katanga ya ci kuɗin da ya fi ladar aikin nesa, kuma maƙwabtan nan biyu sun daɗe ba su gaisawa. Gaskiyar Hausawa: araha ba ta ado.

Aski ko sarewa?

Abu na farko, ka duba ko iccen aski yake so ko sarewa. Sau da yawa rage rassa ya isa. Ana rage reshen da ya bushe, da wanda ya karye, da wanda ke gugar rufin ɗaki, da wanda ya shiga gidan maƙwabci. Kada a kwashe ma icce fiye da kashi 1 cikin 4 na ganyensa a lokaci guda, don da ganye yake samun abincinsa. Wasu na datse kan icce gaba ɗaya. Wannan kuskure ne. Tohon da zai fito bayan haka yana da yawa amma ba shi da ƙarfi, iska na karya shi da sauƙi.

Ana sare icce duka in ya mutu, ko in cikinsa ya ruɓe ya zama kogo, ko in ya karkata har ƙasar gindinsa ta soma tashi, ko in saiwoyinsa na fasa ginin ɗaki.

Lokacin da ya dace

A yi aikin da rani, kafin iskar farkon damana. Wannan iska ita ke kada rassa bisa mutane da dabbobi. Mangwaro kuwa, a bari sai an gama tsinke ɗiyansa. Kada kowa ya hau icce ana iska, ko ana hadari, ko da duhu.

Yadda ake gane gwani

Kada ka ɗauki mutum don kawai ka gan shi da gatari. Ka tambayi mutanen unguwa, ko masu lambu, ko ma'aikatan gandun daji. Ka je ka ga iccen da ya taɓa gyarawa. Gwani na zuwa da igiya mai ƙarfi, da tsani, da zarto, da barandami mai kaifi, kuma da abokin aiki wanda ke tsayawa ƙasa. Ba ya hawa sai ya kewaya iccen, ya duba inda reshe zai faɗi, ya duba ko akwai zuma ko rina.

Babban reshe sau 3 ake yanka shi:

1. A soma daga ƙasan reshen, kamar kamu ɗaya daga jikin icce. A shiga kaɗan, a tsaya.
2. A yanka daga sama, gaba kaɗan da yankan farko, har reshen ya rabu. Yankan ƙasa shi ke hana ɓawo ɗayewa.
3. A cire guntun da ya rage, amma a bar ɗan kumburin nan da ke gindin reshe. Daga nan icce ke rufe mikinsa.

In reshen na bisa ɗaki, a ɗaure shi da igiya, a yanka shi guntu guntu, a sauko da shi sannu.

Ku yi magana kafin ya hau

Rigimar da ke biyo bayan wannan aiki, yawancinta daga rashin magana take. Ku tsaida abubuwa 4 gaban shaida:

1. Waɗanne rassa za a yanke? Ka nuna su da hannu, ko ka sa musu alama da gawayi.
2. Nawa ne kuɗin aiki? Ka ba da kaɗan, sauran sai an gama.
3. Itacen da anka yanke na wa ne? In mai aiki zai ɗauka ya sayar, ladarsa ta ragu.
4. In anka yi ɓarna, wa zai biya? Wa zai kira mai amalanke ya kwashe ƙaiƙayi da ganye?

Yanzu da kun iya rubutu, ku rubuta su a takarda, kowa ya sa hannu. Ga amfanin karatunmu.

Abubuwa uku da ba a wasa da su

Na ɗaya, wayar lantarki. Ɗanyen reshe na ɗaukar wuta. In icce na taɓa waya, kada kowa ya hau. A sanar da ma'aikatan Nigelec.

Na biyu, doka. Dokar gandun daji ta shekarar 2004 ta kare wasu itatuwa, kamar gawo. Kafin ka sare babban icce, ka je wurin ma'aikatan gandun daji ko ma'aikatar magajin gari ka nemi izini. Iccen bakin hanya kuwa na jama'a ne, ko da a ƙofar gidanka yake.

Na uku, maƙwabci. Ka shaida masa tun jajibiri. Ranar aiki a fitar da yara, a kwance dabbobi, a sa mutum ya tsare hanya.

Daga ƙarshe, wanda ya sare icce ɗaya, ya shuka wani, nesa da ɗaki da masai. Ya riƙa gyara shi da wuƙa tun yana ƙarami, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sara na wuni ɗaya ne, inuwa kuwa sai an yi shekaru ana jira.

Tambayoyi

1. Yaushe ya kamata a sare icce duka?
2. Don mi ake soma yankan reshe daga ƙasa?
3. Rubuta abubuwa 4 da za ku tsaida da mai aiki.