3.4 Hanyoyin Gano Matsala a Kwaikwayon Ƙofar Fitar da Sigina

Ƙofar fitarwa ita ce ɓangaren cif da ke tura sigina zuwa layukan allon lantarki. Kamfanoni ba su cika bayar da samfurin SPICE na wannan ƙofa ba, domin yana tona asirin ƙirarsu. A maimakonsa sukan bayar da fayil na IBIS, tsarin da kamfanin Intel ya assasa, aka fitar da shi a 1993. Ƙashin bayan fayil ɗin shi ne jadawalai na ƙarfin lantarki da kwararar lantarki da lokaci. Saboda haka idan kwaikwayo a kwamfuta ya ƙi, jadawalan ake fara tuhuma kafin allon.

Matsala ta farko ita ce lissafi ya ƙi tsayawa a kan amsa ɗaya. Galibi wannan na faruwa ne idan lambobin kwarara suka hau, suka sauka, suka sake hawa, ko kuma idan jadawalin ya gajarta. Alal misali, cif mai aiki da bolt 3.3 yana bukatar jadawali daga -3.3 zuwa 6.6.

Ta biyu, jadawalin taransistan da ke jan sigina sama daga bolt 3.3 ɗin ake auna shi, ba daga sifili ba. Idan aka juya wannan ƙa'ida, sakamakon ma zai juye.

Ta uku, akan ƙirga kwararar dayod mai kāre ƙofar sau biyu, wato a jadawalinsa da kuma na taransista. Maganin shi ne a ɗebe ta daga na taransistan. Manhajar ibischk tana kama kurakurai da dama a fayil, don haka da ita ya kamata a fara.

Ta huɗu ta shafi yanayi. Kowane jadawali yana da rukuni uku: matsakaici, mai rauni da mai ƙarfi. A cif na CMOS zafi yana rage ƙarfin taransista. A Yankwashi da Kazaure da Roni zafin bazara yakan haura digiri 40, cikin akwatin na'ura kuwa ya fi haka. Ke nan allon da aka gwada da matsakaicin rukuni kaɗai yana iya cin jarrabawa a kwamfuta, amma ya gaza a watan Afirilu. Don haka wajibi ne a gwada rukunan uku.