Teɓa: daga sikeli zuwa wuƙar likita

A Magarya da Dungas, in ana zancen abinci da lafiya, tamowa ce ke fara zuwa a rai. Tun shekara ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma jinyar yara masu rama a Magarya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in Alhaji ya aje tumbi a ce arziki ya zauna masa, in amarya ta cika a ce miji ya iya kiwo. Amma likitoci na lissafa teɓa cikin cututtuka, domin tana share wa hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa hanya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekara ta 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita.

Awon ba shi da wuya. Ana raba nauyin mutum da tsawonsa sau biyu. In sakamakon ya kai 30, teɓa ce. Mai tsawon mita 1,70 ya shiga sahu daga kilo 87. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune cikin shago, da ma'aikacin da ba ya taka ƙasa sai daga babur zuwa biro, su hau sikeli su gani.

Matakin farko ba ya cin ko dala: rage suga a shayi, rage lemun kwalba da soye-soye, da tafiya a ƙasa ta rabin awa kowace rana. Mai kilo 100 da ya zubar da 5 zuwa 10, yawanci jininsa da sugansa kan sassauta.

Mataki na biyu allura ce. A shekara ta 2021 Amurka ta amince da Wegovy, mai sinadarin semaglutide, wadda ake yi sau ɗaya a mako, tana kashe kwaɗayin abinci. A gwaji, masu yin ta sun rage wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu cikin makwanni 68. Sai dai tana da tsada, tana son firji, kuma in an daina nauyin kan dawo. A shekara ta 2024 OMS ta yi gargaɗi game da jabun allurar semaglutide. Mai zuwa sari Kano ko Maigatari ya kiyaye, kada ya sayo ta don wani ya ba shi labari.

Na ƙarshe shi ne fiɗa, ga wanda awonsa ya kai 35 ko 40. Likita kan yanke wajen kashi 80 cikin ɗari na jakar abinci, ko ya karkata hanyar hanji. Tana rage nauyi ƙwarai, takan kuma kwantar da ciwon suga, amma tana bukatar babban asibiti da ƙwararru, sannan mutum zai sha bitamin har iyakar ransa.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da mu: ƙwayoyin "sha ka fashe" da ƴan talla ke sayar wa mata. Wasunsu dexamethasone ne, mai kumbura fuska, mai tada suga da jini, mai raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya. Ta ga likita ya rage mata sannu a hankali. Maigida kuwa, kafin ya yaba cikar uwargida, ya tambayi abin da take haɗiya.