Sayen Nagari Mai Da Kuɗi Gida: Shawara Kan Tsohon Babur Na Wucin Gadi

 A 'yan kwanakin nan wata magana ta yawaita a bakin abokan sana'armu, tun daga Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, watau maganar sayen tsohon babur irin dogon nan mai bin kwalta ya kuma kutsa daji, wanda da yawanmu ke kira DT. Kowa da dalilinsa. Wani motarsa ce ta kwanta a gareji tana jiran kayan gyara daga Kano, wani damina ce ta yanke masa hanyar rugagen da yake saye, wani kuwa so yake ya zaga ƙananan kasuwanni wata uku kafin Babbar Sallah. Dukansu ba wanda ke nufin tsufa da babur ɗin. A hau shi ne wata huɗu ko shida, buƙata ta biya, a sayar.

To, abin da muke so mu ja hankali a kai shi ne, wanda zai sayi abin hawa na ɗan lokaci, tun ranar saye ya kamata ya fara tunanin ranar sayarwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa sayen sa don kiwon turke ya san cewa a ranar da aka yi ciniki riba ke shiga ko ta fita, dusa da harawa sai dai su ƙara a kan abin da ido ya zaɓa. Haka babur yake.

Wane iri ne, me ya raba shi da sauran?

Abin da ya sa wannan babur ya dace da hanyoyinmu a ƙirarsa yake. Tayar gaba babba ce, yawanci inci 21, ta baya kuma inci 18, saboda haka yana haye rami da saiwa ba tare da ya kife da mutum ba. Cikinsa ya yi nesa da ƙasa, ba ya dukan dutse, kuma shokazobansa dogaye ne. Amma kowane allazi da nasa amanu. Sirdinsa siriri ne mai tsawo, gajeren mutum sai ya yi ɗage, ba ya ɗaukar kaya kamar yadda Boxer ko Kasea ke ɗauka, sa'an nan tayarsa mai manyan haƙora kwalta na cinye ta da wuri. Wanda yawancin tafiyarsa daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa ce bisa kwalta, ba ya buƙatar wannan. Na mai bin burtali ne da rairayi da ƙoramu.

Na Japan da muka sani tun da can su ne Yamaha DT 125 da Honda XL 125, waɗanda aka fara ƙerawa cikin shekarun 1970, sai Yamaha AG da Suzuki TF da aka yi musamman don manoma da makiyaya. Da yawansu ta hannun malaman gona da malaman dabbobi da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suka shigo ƙasashenmu, in aiki ya ƙare a yi gwanjonsu. Bayan karya darajar sefa a watan Janairu 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabo ya gagari talaka, tsofaffin suka yi daraja. Daga baya kuma na Sin da na Indiya suka cika kasuwa.

Ta wajen inji iri biyu ne. Akwai mai ƙona baƙin mai tare da fetur, kamar DT 125 da TF 125. Ba shi da nauyi, yana da zafin tashi, gyaransa ba wuya, amma mashayin fetur ne. Akwai kuma wanda baƙin mansa ke zaune a cikin inji sai an juye, kamar XL 125 da AG 200, shi kuwa yana da tattalin mai. Wannan bambanci ya ƙara nauyi tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Nijeriya ta janye tallafin fetur, man kwalba na bakin hanya ya yi tsada har a namu ɓangaren.

Lissafi kafin taya

Kuɗin hawa na gaskiya shi ne abin da ka saya, a haɗa da abin da ka kashe wajen gyara da takardu, a cire abin da ka sayar. Alal misali, a ce ka saya jika 400, ka kashe jika 60, bayan wata huɗu ka sayar jika 380. Ka hau ke nan a kan jika 80, watau jika 20 kowane wata, ban da fetur. Wani kuma ya ga araha ya saya jika 250, ya zuba jika 120 a inji, ranar sayarwa aka ƙi wuce jika 200. Shi nasa hawan ya ci jika 170, ga kwanakin kasuwa da ya rasa yana zaune a wurin bakanike. Araha ba ta ado. Wanda buƙatarsa ba ta wuce mako biyu ko uku ba kuwa, gara ya yi jinga da ɗan kabu-kabu amintacce, kuɗinsa su zauna cikin shanu.

Daga wannan lissafi ne za a gane cewa babur na wucin gadi shi ne wanda kowa ke so, wanda kuma kowane bakanike ya sani. Kafin ka taya, ka shiga shagon kayan gyara na garin da kake kwana, da na kasuwar da ka fi zuwa, ka tambayi fistin da ringi da kuloci da sarƙa na wannan samfurin. In an ce sai an aika Kano ko Yamai, to ka yi tunani sau biyu. Yawancin babura na Sin injinsu kwaikwayon Honda CG 125 ne, wanda ya fito a 1975, shi ya sa kayansu ke shiga juna, ana samunsu har a ƙauye. Na Japan na asali ya fi ƙarko kuma ya fi riƙe farashi, amma in ya tsufa ƙwarai kayansa na asali sun yi wuya. Wanda zai saya da naira ya sayar da sefa, ko akasin haka, ya sa canji cikin lissafi, domin mun ga yadda naira ta faɗi bayan watan Yuni 2023 alhali sefa na ɗaure da yuro.

A duba shi kamar yadda ake duba sa

Ba a cinikin biri a sama. Kada a saya da hoton waya ko da labarin dillali, kuma kada a duba da magariba. A je da safe tare da bakanike naka, wanda ba ya cin la'ada a cinikin. Fara ɗora hannu a kan inji. In ka ji shi da ɗumi, an riga an tashe shi kafin ka zo, ka ce za ka dawo gobe. Inji mai lafiya yana tashi da sanyinsa a bugu ɗaya zuwa uku, ya kuma tsaya yana aiki ba tare da an riƙe masa wuta ba. Hayaƙi mai shuɗi kaɗan a salansar DT ba laifi ba ne, haka aka yi shi, amma a inji irin na XL alama ce ringi ya gaji. A zaro ma'aunin baƙin mai a shafa a yatsa. In ya yi fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga, watakila an nutsa da shi a ƙorama. In kuwa yana ƙyalli da garin ƙarfe, inji na cin kansa. Mai sayen DT ya tambaya ko famfon da ke haɗa baƙin mai da fetur yana aiki, domin da yawa an cire shi ana haɗawa da hannu a tanki, wanda bai sani ba ya zuba fetur zalla ya ƙone inji a rana ɗaya.

Mukan buɗe bakin sa mu san shekarunsa. Babur ma yana da haƙora, su ne na faifan da sarƙa ke hawa. In sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya, ya sha tafiya, ko mita ta ce me. Mita dai ana juya ta, ana canza ta. Robar matakin ƙafa da ta birki da mariƙin hannu su ne ba su iya ƙarya.

Sai ƙafafu. A ɗaga tayar gaba a juya kan babur hagu da dama, in yana sarƙewa a tsakiya boris na wuya ya tafi. A girgiza kowace taya a ji ko tana wasa. A bubbuga wayoyin taya da sifana, mai sako-sako ba ta ƙara. A duba shokazoban gaba ko suna tsiyayar mai. Abu mafi girma shi ne ƙashin babur ɗin kansa. A leƙa wuya da ƙarƙashin inji da gindin sirdi, in an ga walda ko sabon fenti a wuri ɗaya, ya taɓa karyewa, kuma wanda ya karye a wuya ba abin hawa ba ne, ko kyauta aka ba ka. Daga nan a hau, a sa kowace giya, a taka birki gaba da baya, a shiga rairayi da shi, a lura ko yana ja gefe guda.

Takarda ta fi inji

Inji in ya lalace ana gyarawa, amma babur marar asali yana iya kai mutum inda bai zata ba. Mun san abin da ke faruwa da wanda aka samu da saniyar sata a turkensa, ko da kuɗinsa ya saya. Yau babur ya shiga wannan sahu, domin da shi ɓarayin daji ke aiki, hukuma kuma ta sa masa ido. An hana hawan babur a jihar Difa a 2015, an hana a sassan Tilaberi daga farkon 2020. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da Jibiya da Mai'aduwa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanci. An sassauta daga baya, amma darasin yana nan: a idon jami'in tsaro, baƙo a kan dogon babur, da kuɗi a aljihu, yana tambayar hanyar ruga, mutum ne da sai ya yi bayani.

Saboda haka a karanta lambar da ke wuyan babur da wadda ke jikin inji, a gwada su harafi da harafi da abin da ke cikin kartigiris da takardar duwan. In an ga alamar goge ko sabon bugu a lamba, a bar cinikin nan take. In sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, ya kawo shaidar yadda ya zo hannunsa. A rubuta takardar ciniki da sunan mai saye da mai sayarwa, da lambobin biyu, da kuɗi, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, sa'an nan a kai ofishin 'yan sanda ko na magajin gari a buga hatimi. A rubuta aibin da mai shi ya faɗa, domin malamanmu sun karantar da mu cewa aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, wanda aka bayyana kuwa ya hau kansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Kada a manta da inshora da lasin tuƙi. Mai niyyar tsallaka iyaka da shi, zuwa Maigatari ranar Alhamis ko Illela ranar Lahadi, ya fara zuwa ofishin bakin iyaka ya ji takardun da ake nema, musamman tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO a 29 ga Janairu 2025. In abin ya yi yawa, a ajiye shi wurin fatoma a wannan ɓangare, a ƙarasa a mota.

Riƙo da rabuwa

Ranar da ya zo hannunka a juye baƙin mai, a sa sabon fulogi, a wanke kafireto da matatar iska. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar inji, don haka matatar nan a riƙa duba ta kowane mako. Man kwalba a tace shi da ƙyalle mai tsabta. A tafi da famfo da kayan faci da fulogi na ajiya, saboda ƙayar aduwa ba ta san sauri kake yi ba. A rairayi a rage iskar taya kaɗan, a kan kwalta a mayar. A sa hular kwano, rawani ba ya tare dutse. Kada a yi tafiyar dare, kada a saba bin hanya ɗaya a rana ɗaya, kuɗi masu yawa kuma a tura su ta hannun amintattu kamar yadda muka saba. Kada a ɓata kuɗi wajen ado da ƙarin fitilu, mai saye ba zai biya su ba. In yaro za a ba, a ba wanda ya iya, a kuma gaya masa ba na kabu-kabu ba ne.

Da zarar buƙata ta biya, a sayar. Babur a jingine batir na mutuwa, taya na tsagewa, yara na koyon tuƙi da shi, farashi na zubewa. Mun lura da kaka aka fi samun mai saye, lokacin da manoma suka sayar da wake da gyaɗa. A wanke shi, a fito da takardunsa cikakku, a faɗi aibinsa kamar yadda muke so a faɗa mana. Dillalin da ya sayo maka ma kana iya gaya masa tun ranar farko cewa bayan wata kaza za ka dawo da shi, ya fara nema maka mutum.

Wanda ke da wani abin da ya gani game da wannan batu, ya aiko wa sakataren ƙungiya domin sauran 'yan'uwa su amfana. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.