Gubar Da Muke Saya Da Kuɗinmu

Daga Boɗinga zuwa Shagari, duk kasuwar da ka shiga ranar cinta za ka tarar da mai maganin feshi ya baje kwalabe a kan tebur, ko a ƙasa bisa buhu, rana na dukansu, wani lokacin ma dab da mai ƙuli-ƙuli. Manomi ya zo ya tsaya: "Alhaji, ba ni mai ƙarfi, wanda ke kashewa nan take." Alhaji ya miƙa kwalba: "Baba, murfi biyu ake zubawa, amma in kana son aiki sa huɗu." Shi ke nan, an gama duba marar lafiya, an rubuta magani. Mai sayarwa bai karanta takardar jikin kwalbar ba, mai saye bai iya karanta ta ba, domin da Turanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙen da sai mai tabarau. Wannan ciniki ya game ƙasarmu, kuma ina kiran mutanen Horo Birni, Kajiji, Dandin Mahe da Lambara su buɗe kunne: guba ce ake shigo da ita gidajenmu, mu ne kuma ke biyan kuɗin mota.

Je gona farkon damina ka gani da idonka. Yaro matashi ya goya famfon feshi, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Ya haɗa maganin a bokiti, ya dama da kara, in kara ya yi nisa ya sa hannu. Bakin famfon ya toshe, sai ya cire shi ya kai baki ya hura. Famfon na yoyo, rigarsa ta jiƙe sharkaf tun daga kafaɗa har ƙugu, ga zafin Sakkwato ya buɗe ƙofofin gumi. In ya gama ya gangara tafki ya wanke famfo, a daidai inda shanu za su sha da yamma, inda yara ke wanka. Kwalbar kuwa ba a yar da ita. Uwargida ta ɗauraye ta zuba man gyaɗa, ko almajiri ya mai da ita gorar ruwa. Da dare yaron nan ya ce kansa na sarawa, yana jin jiri, sai a ce rana ce ta buge shi, a jiƙa masa fura.

Ba rana ba ce. Sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe, jijiyoyi yake kamawa, kuma bai san bambancin jijiyar ƙwaro da ta mutum ba. Yana ratsa fata, yana shiga ta numfashi. Alamunsa sanannu ne a wurin likitoci: yawu ya riƙa dalala, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. A ƙauye da yawa irin wannan faɗuwa iskoki ake ɗora wa laifinta. Maganin kashe ciyawa mai paraquat, irin su Gramoxone, ya fi dichlorvos mugunta, don ba shi da makari. Kurɓi ɗaya na iya cinye huhun mutum a hankali cikin kwanaki, likita na kallo ba abin da zai iya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun haramta shi tun 2007.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne rumbu. Manomi ya sha wahalar damina, ya casa wakensa, yana tsoron ƙwari su mai da shi gari kafin farashi ya tashi. Tsoronsa gaskiya ne. Amma maganin da aka koya masa shi ne ya yayyafa wa waken Sniper kai tsaye, ko ya jefa ƙwayar Phostoxin a buhu ya jingine shi a ɗakin da iyalinsa ke kwana, alhali ƙwayar nan iskar guba take fitarwa. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Doma, jihar Gombe, sun kwanta bayan cin wake mai maganin ƙwari. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya, saboda an auna an tarar da dichlorvos har miligiram 4.6 a kilo guda, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Su suna da masu awo a bakin tashar jiragen ruwa, suka gani suka ce a'a. Irin waken da suka ƙi, shi muke yin ƙosai da alale da shi, shi ake dafa wa mai jego.

Doka kam akwai ta. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, daga baya ta sanar da janye paraquat daga farkon 2024. Wanda ya san kasuwannin ƙauye ya san nisan da ke tsakanin sanarwar Abuja da teburin Alhaji.

Masifar guba irin wannan ita ce ido ba ya ganinta. Waken da aka yi wa feshi ya ma fi kyan gani, ba huda ko ɗaya. Ruwan rijiya garau yake. Maƙwabtanmu na Zamfara sun biya kuɗin wannan darasi da 'ya'yansu. A 2010 yara suka dinga suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, 'Yargalma da Abare. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce sanƙarau ne. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jini aka kai ɗakin gwaji, sannan aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake daka shi a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka tafi. Kuma magani bai yi amfani ba sai da masana muhalli suka bi gida-gida da na'urar awo, aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka share shi, saboda jan ƙafa wajen sakin kuɗi. Kada wani ya ce ai can ne. A watan Maris na 2024, a ƙaramar hukumar Isa ta jiharmu, yara suka fara kumburin ciki, hukumar NCDC ta ƙirga mutum 164 da ake zargin sun kamu, galibi 'yan shekara 4 zuwa 13, gwajin farko kuma ya nuna dalma a jinin wasunsu. A duka biyun, sai da aka haƙa kaburbura kafin mai awo ya iso.

To ina masu awon namu? Muna da su. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, tana yaye masana sinadarai da ƙasa da ruwa duk shekara. Sai dai masani shi kaɗai ba ya iya komai. Awon ragowar maganin ƙwari a cikin hatsi na bukatar na'ura mai tsada da wutar da ba ta yankewa, sakamakon kuma na bukatar hatimin da hukuma da kotu za su yarda da shi. Don haka aka kafa ƙungiyoyin ƙwararru. Cibiyar IPAN, wadda dokar 1992 ta kafa, ita ke yi wa masu awon abinci da ruwa rajista tare da ɗakunan gwajinsu. ICCON, ta 1993, ita ke tantance masu aikin sinadarai. Ƙungiyar masana muhalli ta NES tana nan tun 1985, cibiyar masana ƙasar noma ta NISS ta samu dokarta a 2017, ga kuma majalisar da ke ba jami'an tsaftar muhalli lasisi, wato 'yan duba-gari, waɗanda iyayenmu ke ba da labarin yadda ake tsoron su leƙa randa. Amfaninsu ga masani a fili yake: su horar da shi, su shaide shi, su hukunta wanda ya sayar da sakamakon ƙarya, su kuma tsaya masa ranar da awonsa ya taɓa aljihun wani babban dillali. Ƙaramin ma'aikaci a ƙaramar hukuma ba zai iya ƙwace kayan attajirin gari shi kaɗai ba, sai in ya san akwai masu goya masa baya.

Ga waɗannan ƙungiyoyi zan juya, kuma ba zan sassauta ba. Taron shekara-shekara a otal, da jakar taro da hoton rukuni, bai taɓa hana yaro hura bakin famfo ba. Binciken da aka rubuta da Turanci don ƙarin girma a wurin aiki, aka ajiye a kanta, manomin Horo Birni bai san an yi shi ba. Daga birnin Sakkwato zuwa Shagari ba tafiyar yini ba ce. Me zai hana rassan waɗannan ƙungiyoyi su ɗebi samfurin wake daga kasuwanninmu lokacin kaka, da ruwan rijiyoyin fadama, da kifin madatsar ruwa ta Shagari inda ruwan gonaki ke gangarawa, su auna, su zo su faɗi abin da suka gani da Hausa a gidan Rediyon Rima da ƙofar hakimi? Su tara masu sayar da maganin su koya musu, wanda ya ƙi a kai sunansa gaban hukuma. Mu ma da laifinmu: ba mu taɓa zuwa mun nema ba. Hakimai da limamai da shugabannin manoma na da bakin da za su rubuta wa jami'a da ma'aikatar muhalli ta jiha su ce a zo a auna mana.

Kafin su iso, abin da ke hannun magidanci ya yi shi yau. Wake ba ya bukatar guba: buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, in aka shanya waken ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, rashin iska kaɗai ke kashe ƙwarin. Jarka ko duro mai murfi da ba ya shan iska ma na yin wannan aiki. Kwalbar magani in ta ƙare a huda ta, kada ta koma madafa. Kada a ba yaro ko mai ciki famfo. In kuma wani ya faɗi bayan feshi, a tuɓe masa rigar, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti, a riƙe kwalbar a hannu, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa likita allurar da zai yi.