Duro a Kan Murhu: Nazari kan Ɗumama Ruwa da Itace a Tudun Wadar Zariya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa Zariya daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar hamada. Garin yana kan tudun da ya haura mita 600 daga doron teku, saboda haka a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka. Bai kai sanyin ƙasashen ƙanƙara ba, amma ya isa ya sa ruwan da ya kwana a randa ya gagari tsoho alwala, ya sa wankan yara kafin tafiya makaranta ya zama rigima. Gidajen Tudun Wada, tun daga Ƙofar Doka har zuwa Kongo da Gyallesu, ba a gina su da hanyar ɗumama ɗaki ba. Ruwa ake ɗumamawa, sai kuma kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki da dare. Kayan aikin ba su da yawa: murhu a tsakar gida, rabin duro ko babbar tukunya a kansa, da ƙunshin itace ko buhun gawayi a jingine da bango.

Akwai lokacin da aka zaci wannan tsari yana kan hanyar gushewa a birane. Risho ya shiga gidaje, gas ya biyo baya, masu hali suka sa hita a banɗaki. Farashi ne ya juya akalar. A Janairun 2016 gwamnatin tarayya ta janye tallafin kananzir, lita ta tashi daga naira 50 zuwa 83, kuma kafin ƙarshen 2023 ta haura naira 1,000. Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun ɗaga kuɗin dakon komai, kilon gas ya wuce naira 1,000 a 2024. Lantarki kuwa, ko an same shi, ba lallai ya zo da asuba ba, lokacin da ake buƙatar ruwan zafi. A Oktoban 2024 ma yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki a duhu bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro. Irin wannan koma-baya ba sabo ba ne. Ƙarancin kananzir na shekarun 1990 shi ya bar wa mutane murhun ƙarfen da har yau ake kira Abacha.

Ɗumama ruwa ya fi girki saurin komawa ga itace, kuma dalilin a fili yake. Uwargida na iya daurewa ta dafa miya a kan gas, amma ba za ta ɗora bokiti biyar na ruwan wanka a kansa ba. Gidajen wanka na haya da ke kusa da kasuwa da tasha, da makarantun kwana, da makarantun allo, duk buƙatarsu ta duro ce, ba ta buta ba. Sai kuma jego, wanda ya fi kowanne cin itace. A al'adar Zazzau mai jego na wanka da ruwa mai zafi ƙwarai safe da yamma har kwana arba'in, wasu su zarce, kuma tanadin itacen wankan yana wuyan maigida tun kafin haihuwa. A da har da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin wannan a shekarun 1970, suka danganta tsananin zafin da shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan, gadon wutar kuma ya ja baya a cikin gari, amma wankan yana nan.

Lissafin abin da ake ƙonawa ba wuya. Ɗaga zafin ruwa lita 200, wato cikakken duro, daga digiri 20 zuwa 60 yana buƙatar zafin da ke cikin busasshen itace kilo biyu da ɗan ɗoriya, da a ce duk zafin yana shiga ruwan. Murhun duwatsu uku yana isar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai. Sauran iska ke kwashewa, balle iskar hunturu da ke kaɗa harshen wuta gefe guda. Ke nan duro ɗaya na iya cin kilo 15 zuwa 22. Idan aka kewaye wutar da ginin laka, aka bar ƙofa ɗaya da mafitar hayaƙi, aka rufe bakin duron, ana iya rage wannan da rabi. Ɗanyen itace kuwa kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai wutar ta ƙafe wannan ruwa kafin ta yi wani aiki. Mai sayen ɗanyen itace yana biyan kuɗin ruwa, ya kuma sayi hayaƙi.

Inda aka fi yin sakaci shi ne lafiyar duron kansa. Yawancin durorin da ake ɗorawa a wuta an yi su ne don zuba mai ko sinadari, kaurin ƙarfensu bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Ba don wuta aka ƙera su ba. Da zarar an ɗora sabon duro, wutar farko ke cinye fentin gindinsa, ƙarfe ya tsaya tsirara. Daga nan tsatsa ke kai masa hari ta fuska biyu.

Ta waje, ruwan sanyin da ke ciki yana sa gindin duron ya yi sanyi a farkon hura wuta. Tururin da ke cikin hayaƙi, musamman na ɗanyen itace, yana taruwa a jikin ƙarfen ya zama gumi, ya haɗu da kunkunniya ya zama wani baƙin danƙo mai tsami. Wanda ya shafa gindin duron da aka yi wata ana aiki da shi zai ji yatsunsa sun manne, ya ga ɓawo baƙi yana ɓamɓarowa da jan ƙarfe a bayansa. Wannan ɓawo yana tare zafi, wutar ta riƙa cin itace fiye da da, yana kuma riƙe danshi a jikin ƙarfe. Toka ma haka take. Busasshiya ba ta da illa, amma in ta sha raɓa ko ruwan da aka yayyafa don kashe wuta, sai ta riƙe lema da gishirin da ke cikinta a daidai inda ta taɓa ƙarfe. Shi ya sa murhun gawayi ke fara ɓulewa daga ƙasan kaskonsa. Tukunyar alminiyam kuwa ruwan toka yana cin ta kai tsaye.

Ta ciki, kowane sabon ruwa yana zuwa da iskar da tsatsa ke buƙata, kuma a gidan wanka ana cika duro sau da yawa a yini. Ruwan rijiya da na 'yan garuwa yakan zo da laka, ta kwanta a gindi, ta shiga tsakanin ƙarfe da ruwa. Ƙarfen da ruwa bai taɓa shi ba yana yin zafi fiye da kima, ya yi laushi, ya lotsa ƙarƙashin nauyin kilo 200. Mafi muni shi ne a kwashe ruwan tas alhali garwashi na nan, sannan a sheƙa na sanyi. Ƙarfen da ya buɗe don zafi yana tsukewa farat ɗaya, haɗin gindin ya saki. Yoyon yakan fara da ɗigo ɗaya da ke faɗawa cikin wuta yana cuu, mai gidan wanka ya toshe da tsumma ko kwalta, kwana biyu ya dawo. Mai walda zai yi faci, sai dai tsatsa ta riga ta sirantar da kewayen wurin, sandar walda na taɓawa sai ramin ya ƙara faɗi. Bayan faci na biyu ko na uku duron ya zama na 'yan gwangwan.

Akwai haɗari guda da ya kamata a ambata shi kaɗai. Wasu kan sa wa duro famfo a ƙasa su toshe samansa gam don ruwan ya yi saurin zafi. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa kusan sau 1,700. Duron da ba shi da mafitar tururi yana iya tarwatsewa a tsakar gida cike da yara.

Ƙasashe masu arziki ma sun gamu da wannan matsala ta tsatsa da hayaƙi, da kayan da suka fi tsada nesa ba kusa ba. A yankunan karkara masu sanyi na Amurka da Kanada, tsadar man ɗumama gida a farkon shekarun 2000 ta sa mutane da yawa suka sayi tukunyar itace ta waje: ɗakin wuta na ƙarfe da ruwa ya kewaye shi, an girke shi can gefen gida, injin tura ruwa yana aika ruwan zafi ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa ɗakuna. Ruwan da ke kewaye da wutar yana sanyaya ta, ga shi na'urar tana rufe iska duk lokacin da gida ya yi ɗumi, sai itacen ya koma cin ciki yana tuɗaɗo hayaƙi a kan maƙwabta. Ƙorafin masu ita shi ne na mai gidan wankan Tudun Wada: danƙon hayaƙi, tsatsa a daidai layin toka, yoyo a wurin walda. Ƙari a kansu, in lantarki ya ɗauke injin ya tsaya. A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya wa sababbin tukwanen iyakar hayaƙi, ta ƙara tsaurara ta a 2020. Sababbin suna ƙona hayaƙin a ɗaki na biyu, amma sun fi na da buƙatar itacen da danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, da shara a kai a kai.

A Najeriya maganin da aka fi tallatawa shi ne ingantaccen murhu. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana ƙera irinsa. A Kaduna ƙungiyar DARE, tare da atmosfair ta Jamus, ta riƙa harhaɗa murhun Save80 na ƙarfen da ba ya tsatsa, aka yi wa shirin rajista a ƙarƙashin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage hayaƙi a 2009. Murhu ne mai ƙarko da tsimin itace, sai dai don girki aka yi shi, da tukunya madaidaiciya da ƙananan faskare. Ba zai ɗauki ruwan jego ba. A Nuwamban 2014 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 a raba wa matan karkara, shirin ya sarƙe bayan sauyin gwamnati. Ko da an raba su duka, tambayar da ba a cika yi ba ita ce wa zai gyara idan sun lalace. Masu bincike Hanna da Duflo da Greenstone sun bi gidajen da aka gina wa ingantaccen murhun laka a jihar Orissa ta Indiya tsawon shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙin da mata ke shaƙa ya ragu. Daga baya ribar ta ɓace, domin murhun ya tsattsage, mafitar hayaƙi ta toshe, mutane suka koma ga tsohon murhunsu. A nan duro ya fi ingantaccen murhu: duk raunin ƙarfensa, mai gyaransa yana bakin titi, kuma madadinsa yana kasuwa.

Illar wannan komawa ga itace tana faɗawa mata da ƙananan yara kafin kowa, domin su ke tsugune a gaban murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020. Murhun tsakar gida ya fi na cikin ɗaki sauƙi, amma a gidan haya mai ɗakuna goma da tsakar gida ƙunci, hayaƙin asuba yana kwanciya ƙasa saboda sanyi ya shiga kowace taga, a daidai lokacin da ƙurar hunturu ta riga ta tayar da tari da asma. Kaskon garwashi ya fi haɗari domin ba ya nuna alama. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Farkonta ciwon kai da jiri, mai barci kuma ba ya jin su. Kasko na ɗumama ɗaki ne kafin kwanciya, a fitar da shi kafin a rufe ƙofa.

Daji ma yana biya. Itatuwan da masu saye suka fi so saboda garwashinsu, irin su ƙirya da marke, masu jinkirin girma ne, kuma ƙona gawayi a rami na cinye kilo biyar ko fiye na itace kafin a sami kilo ɗaya. Da waɗannan suka yi ƙaranci gatari ya kai ga kaɗanya da ɗorawa, waɗanda mata ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su. Rashin tsaro a dazuzzukan Birnin Gwari da Giwa ya ƙara wa dako tsada da haɗari. Tsadar kuma tana sa a sayar da itace tun bai bushe ba, ɗanyen itacen ya koma ya ci gindin duro.

Abin da ke tsawaita ran kayan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A sayi itace da wuri a faskara shi ya sha rana, a kwashe toka kullum tun tana busasshiya, a kankare gindin duro duk mako, a zubar da lakar da ta kwanta ciki, kada kuma a bari ruwa ya ƙare a kan wuta. Masu walda na iya sa wa duro gindi na farantin ƙarfe mai kauri tun yana sabo, wanda ya fi faci uku araha. Duro da yawa ma ba a hunturu suke mutuwa ba. Idan zafi ya shigo a Maris akan ture duron bayan ɗaki da guntun ruwa a ciki da toka manne a gindinsa, damina ta zo daga Mayu zuwa Oktoba da ruwan da ya kai milimita 1,000, a ɗauko shi a Nuwamba a tarar hasken rana yana ratsa ƙasansa. Wanda aka wanke, aka shanya, aka shafe da mai ta waje, aka kife a kan duwatsu ƙarƙashin rumfa, shi ke sake hawa murhu baɗi.