Baƙin tabarau ba shi ne kariyar ido ba

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka dawo titi. A Illela, inda hanyar Sakkwato ke tuƙewa a bakin iyaka da Ƙonni, mai keke da ɗan kabu-kabu hanya ɗaya suke rabawa da manyan motoci, balle ranar Lahadi da kasuwar dabbobi ke ci. Da hunturu ya kankama sai masu tallar tabarau su fito da allunansu, kuma maganar mai saye ba ta wuce a ba shi wanda ya fi baƙi. An ɗauka yawan duhun gilashi shi ne yawan kariyarsa, alhali ba haka abin yake ba.

A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Yana da hannu a yanar ido, da kuma naman nan da ke tsirowa a farin ido yana rarrafawa zuwa baƙinsa, wanda iska da ƙura ke ƙara tunzurawa. Launi ba ya tare wannan haske. Sinadarin da aka ƙera gilashin da shi, ko aka shafa masa, shi ke tarewa. Ido kuwa yana da tasa dabarar: idan rana ta take, kafar da ke tsakiyarsa sai ta tsuke, mutum ma ya kanne ido ba tare da ya sani ba. Da an ɗora masa baƙin gilashi marar sinadarin, sai ya zaci yamma ta yi, ya buɗe kafar sosai, hasken mai cutarwa ya shige fiye da da. Tamkar a sallami maigadi ne a bar ƙofa a wangale.

Ga wanda ke kan keke ko babur, rana ma ba ita ce babbar barazana ba. Tsakuwar da tayar tirela ta cillo, ƙwaro, da yashin da iska ke ɗebowa ta gefe sun fi saurin yin ɓarna. Don haka gilashin da ya dace shi ne na robar polikabonet, mai lanƙwasa da ke rufe gefen ido. Ba ta tarwatsewa kamar kwalba, kuma ko fara ce fat tana tare kusan duk UV. Ana jera duhun tabarau daga mataki 0 zuwa 4. Na 4 bai dace a yi tuƙi da shi ba ko da rana. Amma sai ka ga an yi magariba, hazo ya rufe gari, wani ya ɗauko fasinja da baƙin gilashi a fuska, ga ramuka ga shanu na tsallaka titi.

Wani zai ce mai kyau sai mai kuɗi. Farin tabarau na kariya da kafintoci da masu gurza ƙarfe ke sakawa, mai alamar Z87 ko EN 166, ba kayan masu hali ba ne, kuma ana iya hawa da shi dare da rana. Sai dai a ɗauraye shi da ruwa kafin a goge, don goge ƙura da bakin riga shi ke karce shi har ya dushe. Wani kuma zai ce tambarin UV400, mai nuna gilashi na tare UV, ai kowa na iya mannawa. Wannan gaskiya ne, kuma a nan laifin ya bar kan mai saye, domin ba shi da na'urar gwaji. Tantance irin waɗannan kaya aikin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne. Hukumar kiyaye haɗurra kuma tun 2009 take fama da mutane kan hular kwano, amma da wuya ka ji jami'inta ya tambayi direban babur ko yana ganin gabansa.